Takin da ke Son Shekara Guda

Da irin yakuwa na shigo Jidda, ƙulle a bakin zanena. Innata ce ta ƙulla mini ranar da muka fito da niyyar Hajji, ta ce in shuka duk inda muka yada zango. Hajji mun yi, komawa ce ta gagara. Ba takarda, ba guziri, sai ɗakin langa-langa a unguwar Karantina, teku a gaba, hamada a baya. Maigidana yana sayar da ruwa, kullum maganarsa ɗaya: bayan Hajjin bana za mu tafi. Ko tabarma ta biyu bai yarda mun saya ba.

Ni 'yar manoma ce, kuma ina ji da kaina. A garinmu babu kamar takin juji, sharar gida da toka su ruɓe tare. Na ɗebo jujin unguwa na cika gwangwanaye, ban tambayi kowa ba. Irin ya tsiro, kwana huɗu ya ƙone, gishiri ya fito fari fat a saman ƙasar. Na koma kashin tattabaru, ya dafa saiwar. Na zuba ɗanyen kashin raƙumi, tsutsa ta cinye. Da na kwance ƙullin na duba, ƙwaya tara suka rage, kuma babu inda zan samo wasu.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, Bahaushen Sudan, mai kula da lambun wani attajiri. Ya murza ƙasata a yatsa, ya lasa, ya tofar.

"'Yata, kowane taki da halinsa. Jujin nan gishiri ne, tokar cikinsa ta ƙara masa. Na tsuntsu wuta ne. Ki sami na awaki, ki haɗa da ƙasar kwari, ki binne a rami, kina yayyafa ruwan daɗi. Shekara guda, shi ke nan."

"Shekara, Baba?"

"Ko kwana ɗaya kada ki rage."

Da na gaya wa maigida, sai ya ajiye lomarsa. "Ramin shekara? Fata kike mana ke nan? Mu da za mu tafi bayan Hajji?"

Raina ya ɓaci, don na san gaskiyarsa ce ta wani gefen: wanda ya binne taki na shekara ya yarda yana nan. Amma ƙwaya tara ba sa jiran alkawari. Yana fita da garwayensa na haƙa ramin a bayan ɗaki, na zuba kashin awaki da ƙasar kwari, na rufe da tsohon buhu. Ruwan da nake yayyafawa daga rabon shana nake ragewa.

Hajjin ya zo ya wuce ba mu tafi ba, ramin ya cika shekara, wani Hajjin ma ya zo ya wuce. Jiragen ruwa suka kwashi alhazai, muna jin kukansu daga ɗaki. Maigida ya yi kwana uku bai fita da garwayensa ba.

A na huɗu da hantsi na ji sara a bayan ɗaki. Na leƙa, ga shi a durƙushe ya yaye buhun. Ashe ya sani tun farko. Takin ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin gonar Inna bayan ruwan fari. Da hannunsa ya cika mini gwangwani uku, ƙwaya uku-uku.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko ƙasa zan mayar wa ramin, sai ya riƙe hannuna.

"Bar shi a buɗe," ya ce, bai dube ni ba. "Miƙo kwandon nan, in je kasuwar awaki in ɗebo na baɗi."