Ba'adi, ƙanena da Baba ya riƙe

Shekara ashirin da uku ke nan da muka kai Umaru makwancinsa, ni kuwa da na girme shi da shekara biyu ina nan ina jan ƙafa. A Sakkwato kaɗan ne suka san shi da Umaru. Ba'adi ake ce masa, don tun yana yaro da wuya ya idar da salla yana da tabbacin raka'a nawa ya yi. Kusan kullum sai ya ƙara sujadar rafkanwa bayan sallama. Duk shekara 'ya'yansa kan zo mu yi masa addu'a. Bana na ga gara in faɗi abin da ban taɓa faɗa musu ba: na yi kishin ubansu tun muna yara, mutuwarsa kuma ba ta raba ni da kishin ba.

Mahaifinmu malami ne, makarantarsa a zaure. Ni in an miƙa mini allo na zauna ke nan, sai an ce in tashi. Umaru kuwa, ina! Kafin a biya masa aya ɗaya ya bi ƙadangare da ido har bisa katanga. A aike shi sayen ƙaron tawada, sai bayan la'asar ya dawo da labarin yadda ake jeme fatar akuya, ƙaro kuwa ko oho. Kuma ba rashin kai ba ne, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Abin da zan kwana uku ina hadda, shi ji ɗaya ne, in dai an yi sa'a ya ji ɗin. Sai Baba ya jawo shi gefen buzunsa, gwiwa da gwiwa, hannu a kafaɗarsa. Ni ina can bakin ƙofa, tunda ba na bukatar tsaro.

Lokacin Nasara bai bar ƙasar ba tukuna. Wata rana dogari ya kawo saƙo cewa gidanmu zai ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko. A wancan zamani ba wanda ke ba da ɗan da yake so. Kowa a gidan ya ɗauka Umaru za a tura, ni ma haka, wallahi har na fara hango kaina a gefen buzun nan. Baba ya dube mu ya ce, "Haliru za shi tahi. Shi duk inda anka aje shi, nan za a iske shi. Wanga kuwa in yab bar gabana, bulala ka kashe shi."

Ladan natsuwata ke nan. Na tafi, na zama akawu. Shi ya zauna, ya sha karatu daga bakin Baba, karatun da ni ne babba, ni ya kamata in gada.

Girma bai sauya shi ba. Ya fara dukanci ya bari, ya fara noman shinkafa a fadama ya bari, ya shiga fataucin gishiri, shi ma bai kai ko'ina ba. Ya taɓa zuwa kasuwa a kan jaki ya dawo da ƙafa, bai tuna ba sai da matarsa ta tambaye shi. Kana magana zai katse ka, ba da raini ba, abin ne ba ya iya riƙewa. Amma a ba shi allo ya yi zayyana, sai ya yini sunkuye, abinci ya huce a gabansa bai sani ba. Kuma mutane na son sa! Ya saɓa alkawari a yi dariya a ce, ai Ba'adi ne. Ni da ban taɓa makara ba ko sau ɗaya, ban ji wanda ya ce madalla ba.

Kwanan baya jikata Hajara, likitar yara ce, ta ji ina ba da labarinsa. Ta ce, "Kaka, wannan fa abu ne da muka sani a asibiti." Wai lalura ce ta rashin iya tsayar da hankali wuri ɗaya. Ba duk yaro mai ƙiriniya ke da ita ba. Ana gane ta ne in abin ya faro tun yarinta, yana bin mutum gida da makaranta da kasuwa, yana ɓata masa al'amura, wasu har cikin girmansu. Ba shagwaɓa ba ce, ba iskoki ba ne, duka ba ya maganinta. Likita ne zai duba ya tabbatar, akwai kuma taimakon da ake yi. Na ce da Umaru na raye da ya ji daɗi, ko da yake na san ba zai tsaya ta kai ƙarshen bayanin ba.

Ashe abin da Baba ya gane ke nan tun ba a raɗa masa suna ba. Na yarda ya yi daidai. Sai dai ina roƙon iyayen yau: in Allah ya ba ku irin Umaru, ku kai shi a duba, ku jawo shi jikinku, amma ku riƙa waiwayen wanda ba ya ba ku wahala, don shi ma ɗa ne.

Ranar da Baba zai cika, ya nemi ruwa. Umaru ya tashi da sauri ya fita da ƙwarya, a tsakar gida wani abu ya ɗauke masa hankali, bai dawo ba. Ni ne a wurin, kan Baba a cinyata, karo na farko ni da shi kaɗai. Na ce yau dai zai faɗa mini wata magana tawa. Ya kama hannuna ya ce, "Haliru, ka riƙe min Umaru."

Na riƙe. Shekara talatin ina bin bayansa ina gyara abin da ya bari rabi, ni na aurar da 'ya'yansa, ni na yi masa wanka. Allunan da ya zayyana suna rataye a gidajen mutane, har yau in an ambace shi sai an yi murmushi. Allah ya jiƙan ka, Umaru, ba ka da laifi, na sani. Amma na haura saba'in, kuma har gobe ina jin haushin ƙwaryar ruwan nan: ko da ba ka cikin ɗakin, kai ne a bakin Baba.