Lemun Inna Barira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 16 ga Afrilu 2025, Allah ya karɓi ran Inna Barira, matar marigayi Malam Gado, a gidanta da ke Dogon Dutsi, bayan jinyar da ta kai ta har Doso.

Inna, ni ce Karima, malamar lakwal, wato makarantar boko, da aka turo garinku ba ta san kowa ba, kika ba ta ɗaki. Ranar da na sauka na ɗauraye kofi zan watsar da ruwan, kika riƙe mini hannu kika ce, "Madam, gidan ga ba a zubda ruwa sai ya yi aiki biyu." Na yi dariya. Ashe doka ce.

Duk saboda lemun tsamin nan na tsakar gida. Malam Gado ya kawo shi daga Gesheme cikin gwangwanin tumatir, shekarar da ya rasu, kika ce shi ne amanar da ya bar miki. Ba ki taɓa saya masa taki ba. Ƙasari, wato ruwan wankin gero, kina raba shi biyu, rabi na akuya rabi na lemu, akuyar kuwa har yau ba ta yafe ba. Tokar murhu tasa ce, haka ɓawon ƙwai da ganyen shayin da Mani mai shayi ke tara miki. Tsohon tulunki da ya tsage kika binne shi har wuya a gindin iccen, a cika shi a rufe, ya riƙa tsatsafowa a hankali cikin saiwa. Ruwan sabulu kaɗai kika hana shi.

Sai dutsen alwala, da kika ajiye daidai gindin lemun. Baƙo ya shigo, kafin ruwan sha sai ki ce, "Kana da alwala? To sake wata, lada biyu ta." Na ga manyan alhazai sun tsuguna a kan dutsen nan suna murmushi. Ba wanda ya fita ba ki cika masa aljihu da lemu ba.

Da ciwo ya tsananta aka kai ki Doso, ɗiyarki Mubaraka na jinya, ni ina hutu a Tibiri. Gida a rufe, bazara ta kama. Muka dawo muka tarar da iccen ya zubar da ganye kaf. Da aka shigo da ke kika daɗe kina kallonsa, sannan kika ce, "Ku dai zuba mishi. Kar in tarar da Malam ba ni da abin hwaɗi." Wannan maganar ta karya mini zuciya, domin dukanmu mun ɗauka iccen ya mutu.

Bayan jana'iza wasu suka ce a sare shi a sami wurin kafa rumfa. Mubaraka ta ƙi.

Ranar sadakar uku matan unguwa suka taru surfen geron gumba. Ba wadda aka gaya wa komai. Duk wadda ta wanke gero sai ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi tulun, har ya cika ya tumbatsa. Maza suka yi layi a kan dutsen alwala, alhali ga butoci a ƙofar gida. Haka aka yi ta yi har sadakar bakwai. Jiya da safe Mubaraka ta kira ni tana kuka, ta nuna mini tofo a reshen da ke kallon ɗakinki. Inna, ki gaya wa Malam amanarsa tana nan da rai.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga Alkausara kamar yadda kika shayar. Ina miƙa ta'aziyya ga Mubaraka da ɗan'uwanta Usaini, da dangi na Gesheme, da duk unguwarmu. Allah ya ba mu haƙuri. Wanda zai zo gaisuwa, don Allah kada ya yi alwala a gidansa. Dutsen yana nan inda ta bar shi.