Ƙoƙon Kan Kada a Ƙarƙashin Gadon Baba Enoch

Ranar Talata, bakwai ga watan Maris na 1995, Allah ya karɓi ran Baba Enoch, ma'ajin duwatsun sashenmu, a gidansa da ke Karu, bayan jinyar wata biyu. Labarin ya iske ni a ofis. Wanda ya kawo shi bai san mun shekara biyar ba mu yi gaisuwar kirki ba, kuma bai san laifin nawa ne ba.

Baba Enoch, tun muna Legas na san ka. Aikinmu irin wanda ake yi wa dariya ne: tara ƙasusuwan halittun da suka daɗe a cikin ƙasa har suka koma dutse. Ni nake tonowa, kai kake ajiyewa. Ba ka yi karatu mai nisa ba, amma a wurinka na koyi abin da na raina a jami'a, cewa kowane dutse da 'yar takardarsa, mai faɗin inda aka tono shi da ranar da aka tono. Kakan ce in takardar ta ɓata, abin da ya rage ba shi da maraba da dutsen murhu.

Ban manta shekarar da zazzaɓi ya kayar da ni ba, ba ni da kowa a garin. Kwana tara kana kawo mini kunu da tuwo. Sai daga baya na ji matarka Justina ta sayi sabuwar tukunya don ni kaɗai, don kada zuciyata ta yi shakkar abincin gidan Kirista. Ba ka taɓa faɗa mini ba.

A duk ajiyarmu babu kamar ƙoƙon kan wani kada na zamanin da, cikakke, haƙoransa a jere, wanda na tono a 1972 a gindin wani tsauni kusa da garinmu, a ƙasar Sakkwato. Masu tara irin waɗannan abubuwa a ƙasashen waje, da yawansu har su mutu ba sa mallakar abin da ya wuce haƙori ɗaya ko guntun ƙashi. Wani burinsa kifin da ya kwanta a dutse har ana ƙirga ƙayarsa, wani ƙwai da ɗa a ciki. Cikakken kai irin namu kuwa sai dai su gan shi a mafarki. Ni ba wannan ne ya dame ni ba. In kewar gida ta taso mini, nakan shiga ɗakin ajiya in shafa shi, domin ƙasar garinmu tana nan maƙale tsakanin haƙoran. Kai kuwa sai ka fita ka ja ƙofa.

A 1990 aka ce mu tattara mu dawo Abuja. Ka fi kowa murna, domin kai Gbagyi ne, nan aka haife ka. Ka zo ka tarar an tashi ƙauyenku, kwalta ta bi ta kan inda ɗakin mahaifinka yake. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Ni da ban rasa komai ba, ni nake ta ƙorafi har yau.

Manya suka sami ofisoshi da labule da kafet. Duwatsu kuwa aka jibge akwatunansu a bayan gini, aka rufe da tamfol. Damina ɗaya ta jiƙa takardun, gara ta ƙarasa. Da idona na ga wani direban tifa ya tokare tayarsa da ƙashin da na yi sati uku ina tonowa.

Ana cikin haka wani babba daga sama ya zo da baƙonsa Bature, wanda ya ce shekara ashirin yana neman kai irin wannan, yana so ya gani kawai. Aka buɗe akwatin da muka san kan kadan yana ciki, babu komai sai ciyawa. Nan take zuciyata ta yanke cewa ka riga ka sayar. Da hannuna na rubuta maka takardar tuhuma. Amsarka layi ɗaya ce: "Oga, dutsen yana nan lafiya, da takardarsa." Na ce ka kawo shi, ka ce sai ranar da aka ba mu ɗaki mai makulli. Na kira ka ɓarawo a gaban mutane. Saboda takardar nan ƙarin girma ya wuce ka sau biyu. Duk da haka kullum da safe sai ka tsaya a ƙofata ka ce, "Oga, ina kwana," ni kuwa in amsa ba tare da na ɗaga kai ba.

Ba a ba mu ɗakin ba har ka rasu.

Bayan an binne ka, Justina ta kira ni ciki. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonka. Kan kadan yana naɗe cikin zanenta, ko haƙori ɗaya bai fita ba, ga takardarsa cikin leda, da rubutun hannuna na 1972. Ta ce a kan cinyarka ka riƙo shi tun daga Legas. Na tambaye ta me ya sa ni za ta damƙa wa shi, bayan duk abin da na yi maka.

Ta ce, "Baba ya ce kar a ba kowa sai kai. Ya ce duk ofis ɗin, kai kaɗai ka yi fushi da ya ɓata."

Na rubuta wa ma'aikata cewa na janye tuhumata, kuma ni ne mai kuskure. Na san takarda ba ta mayar maka da shekara biyar. Shi ya sa nake faɗa a nan, inda kowa zai karanta: Enoch bai ci amana ba. Mu muka bar amana a cikin ruwa.

Kai da addininka, ni da nawa, kuma Allah ne mai hukunci tsakanin bayinsa. Ina roƙon Mai rahama ya dubi amanar da ka riƙe, ni kuma ya yafe mini zaluncin da na yi maka. Mama Justina, da Lucy da Alexander, 'ya'yan da ya bari, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya sa ku gaji halinsa.

Har yanzu babu ɗaki mai makulli, Baba Enoch. Na kai kan kadan gidana, na tura ƙarƙashin gadona. Dutsen yana nan lafiya, da takardarsa.

Sahabi Dange
Wuse, Abuja