Ni Kaɗai a Ajin Rediyo

Ranar Laraba ta farko bayan hutun Babbar Salla, a shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare a Goronyo, shugaban makaranta ya tara mu ƙarƙashin darbejiya ya karanta mana sabon tsarin gwamnatin jiha: daga bana ba wanda zai bar makaranta sai da sana'a a hannu. Ya jero kiwon kifi, noman rani, kafinta da aikin rediyo. Da ya ambaci na ƙarshen na ɗaga hannu, na waiga, na ga hannuna kaɗai ne a sama. A zatona za a koya mini karanta labarai ne, irin na mutanen da nake kwaikwayon muryarsu idan ina korar tsuntsaye a fadama.

Mahaifina manomin albasa ne a Rimawa, kuma da ma yana ganin karatuna ya isa haka, don ban ruwa da dashe sun yi masa yawa tun da yayana ya tafi ci-rani. Shi gyaran rediyo ya fahimta, kuma shi ne ya fahimta daidai. Ya ce, "In sana'a ta, zamna. In surutu na, hwadama tana jiranka." Ya ba ni wa'adi zuwa lokacin cirar albasa.

Ɗakin koyon yana can ƙarshen fili, bayan gonar makaranta. Akwai dogon tebur, da akwatunan kayan aiki da ba a taɓa buɗewa ba saboda babu lantarki, da matattun rediyoyi da malamai suka kawo daga gidajensu. Malamina ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina bai kai ya kawo ba, sai muka koma nuni da yatsa. Ya koya mini kwance bayan rediyo, da bin waya har inda ta tsinke, da kankare tsatsa daga mazaunin batir. Kafin mu wuce nan wa'adinsa ya cika ya tafi, ba a kuma turo wani ba.

Duk da haka kowace Laraba ina zuwa, domin sunana yana ajin. Ta taga nake hango sauran suna haƙa ramin kifi, suna jifar juna da laka, in an tashi su yi langa har bakin ƙofa. Abokina Sanusi yakan leƙo ya ce, "Injiniya, mi London ta ce yau?" ya ruga da dariya. Ni kuwa in share ƙasa, in kwance rediyon da na ɗaure makon jiya, in sake ɗaure shi. Wani lokaci nakan karanta wa bango littafin tarihi da muryar labarai, don dai in ji magana a ɗakin.

Da aka fara cirar albasa, wata la'asar Baba ya miƙo mini rediyonsa da ya daɗe da yin shiru. Na zauna a kan buhu, na buɗe bayansa. Batir ne ya tsiyaya ya cinye mazauninsa. Na kankare da bakin wuƙar yankan ganye, ƙanena ya karɓo sabon batir a shago, sai ga murya ta fito. Baba ya saurara jim kaɗan, ya rataya shi a kafaɗa ya ce, "To, ƙare karatunka." Da matsalar ta wuce tsatsa, da a ranar na bar makaranta.

Bara na bi ta makarantar. An sa wa ɗakin faifan hasken rana, yara sun cika shi suna koyon gyaran wayar hannu, har da masu tsayuwa a taga. Su Sanusi in sun haɗu a kasuwa har yau suna tsokanar juna da labarin ramin da bai taɓa riƙe ruwa ba. Ni ba ni da wanda zan ce wa, ka tuna? Abin da mutum ya koya shi kaɗai, shi kaɗai yake tuna shi.