Ƙugiyar Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, mai shagon buga takardu a Ƙofar Ran. Ba na cikin masu kawo kukansu jarida. Tambayar da 'yarsa Hauwa ta yi mini makon jiya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Yaya Sale ya ƙare rayuwarsa da wata tsohuwar manhajar rubutu mai baƙin allo, wadda ba ruwanta da linzamin kwamfuta, komai sai ka haddace maɓallan da za ka danna. Da hannunsa ya shirya mata haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, tun lokacin da sauran shaguna ba su damu ba. Duk wanda ya zo koyon aiki da ita yake fara masa. Akasarinsu sukan gudu kafin wata ya cika, shi kuwa ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Yana da taurin kai, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Yanzu Hauwa ta buɗe nata shagon a Ƙofar Dumi, mata huɗu sun zo koyo. Kwamfutar mahaifinta na nan a kusurwa, har yau tana tashi. Ta ce, "Baffa, in fara musu da ta Baba? Gani nake in na ajiye ta kamar na sake binne shi ne."

Kwana biyu ina juya maganar. Matan nan aiki suke nema a ofisoshi da makarantu, inda ba wanda ya taɓa ganin manhajar, balle ya buɗe abin da aka rubuta da ita. In ta ɗora su a kanta za su watse kamar ɗaliban ubanta, shagon ya mutu tun bai tsaya da ƙafafunsa ba. Da Yaya Sale yana raye da ya kira ni malalaci, ya ce sabuwar manhaja tauna wa mutum take yi ta sa masa a baki. Wataƙila da gaskiyarsa. Amma zamani riga ne, kuma ba shi zai sa ta wannan karon ba.

Sai na tuna ranar sadakar ukunsa. Shagonsa a rufe, don haka wani maƙwabci ya kai sanarwar addu'a wani shagon. Aka bugo ta tsaf da sabuwar manhaja, a ƙasa an rubuta "Allah ya ji kansa." Mutumin da ya yi shekaru yana faɗa a kan bambancin baƙi da baki, ga shi an roƙa masa jin kai maimakon jin ƙai. Ni dai na gani na ajiye takardar. Hauwa ce ta aiko daga cikin gida a kai mata takardun. Idonta a kumbure, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da biro tana sa ƙugiya.

Wannan na tuna mata. Na ce ta koya musu sabuwa, ta bar tsohuwar ta huta, amma darasin farko ya zama inda ake samo haruffan nan uku, kada ta sallami ko mace ɗaya da ba ta iya su ba. Ta kalli kusurwar da kwamfutar take, ta ce, "To, Baffa."

Manhajar za ta mutu ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, ban kuma ga abin baƙin ciki a nan ba. Abin da Yaya Sale ya bari, na gan shi a hannun 'yarsa tun kwana uku da binne shi.

Allah ya ji ƙansa, wannan karon da ƙugiya.