Tashoshi Uku na Niña Eduviges

A shekarar 1982 na fara ganin Eduviges, ana tsakiyar yaƙi. Ta gudo daga Chalatenango da ƙunshin kaya ɗaya, matata Leonor ta yi mata shimfiɗa a bayan ajin da nake koyarwa a makarantar mishan. Damina guda ta yi a wurinmu. Ba ta taɓa cewa ta gode ba, mu ma ba mu jira ba. Daga baya ta kafa kaskon pupusa, wainar masara da ake cusa wa cuku ko wake, a bakin kasuwa.

'Yan shekarun baya mutanen garinmu suka koma amfani da wani dandalin sada zumunta na intanet marar shugaba, inda kowa ke zaɓar tashoshin da za su ajiye saƙonsa su miƙa wa jama'a. Don Nicanor, shugaban 'yan kasuwa, ya buɗe tasa kyauta. Kowa ya dogara da ita, har ni. A can kaɗai na zuba waƙoƙin coci da Leonor ta rera kafin rasuwarta, domin kaset ɗin da suke ciki ya riga ya fara cinyewa.

Eduviges ta ƙi dogara da tasharsa. Uku ta zaɓa: ta masunta, ta 'yarta da ke Houston, da tata, wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin ƙullu.

Don Nicanor ya same ta a gabana, ya kira ta da sunan da kowa ke kiranta da shi.

"Niña Duvi, kyauta ce fa! Ko tsoron zamani kike?"

"Kai da ka kashe fitilar kasuwa don an yi maka ihu a taro? Na taɓa tara duk abin da na mallaka a gida ɗaya, Don Nicanor, na ga yadda ya ƙare. Ci abinka, yana hucewa."

Da mata suka fara rubuta ƙorafi a kan yadda yake rabon rumfuna, ya rufe tashar, ya goge komai. Na nemi waƙoƙin Leonor na rasa.

Na je wurin Eduviges ba tare da na san abin da zan ce ba. Har yau Profe take kirana, wato malam.

"Profe, zauna mana, ka tsaya min a ka kamar gunkin coci."

Ta goge hannu a zani, ta latsa wayarta, ta tura min. Muryar Leonor ta tashi cikin hayaƙin kasko.

"Niña Duvi, yaushe kika kwafe su?"

"Duk wadda ka saka, ranar nake ɗauka." Ta juya pupusa. "Da cuku ko da wake?"