Yadda Batir Ya Ci Sunan Autanmu

Ni mai wayarin ne, kuma a Kafanchan na koyi aikin. Wata rana malaminmu na makarantar koyon sana'a ya tsayar da darasi ya ce mana wannan amfiya da muke auna ƙarfin wuta da ita sunan mutum ne, wani Bafaranshe da ya daɗe da mutuwa. Haka folt, haka wat, duk mutane ne masu uwa da uba. Maganar ta tsaya mini a rai. Mutum ƙasa ta gama cinye shi, amma duk wanda zai sayi fis sai ya ambace shi.

Tun daga nan na riƙa kasa kunne a kasuwa. 'Yan Ibo masu kayan wuta "amps" suke cewa, a guntule, don ba su da lokacin ɓatawa. Hausawan layin batir su ce amfiya. Wani mutumin Nijar mai sayar da faifan sola "amfer" yake cewa, yana kaɗa harshe, wai nasu ne na asali tunda da Faransanci suka yi boko. Abokina da ya yi lebura wajen 'yan Sin a aikin titi ya rantse mini su "an" kawai suke cewa, kuma a yarensu kalmar tana nufin zaman lafiya. A yarenmu kuwa babu ita. Mama ƙarfin wuta take cewa, shi ke nan.

Ƙauyenmu yana bayan Zonkwa, inda turakun lantarki suka gaji suka tsaya ba su ƙaraso ba. Da sola ta fara sauƙi, ni na kai maganar gaban dattawan coci. Ni na auna ɗakin sujada, ni na ja waya, ni na hau rufin kwano rana tana gasa mini ƙeya. Ƙanena, autan gidanmu, wanda kowa ke kira Auta tun yana goye, yana aikin ofis a Abuja. Shi batir ɗaya ya sa a motar haya, mai amfiya ɗari biyu. Ko saukewa bai zo ya yi ba, ni na ɗauko shi a tasha a bayan babur, bayana kamar zai tsinke.

To, a wajenmu abu yakan ci sunan wanda ya fara kawo shi. Akwai irin citta da har yau ake kira da sunan matar da ta zo da shi daga gidan iyayenta. Na san wannan sarai, kuma ba zan ɓoye ba, na sa rai. Ba lada nake nema ba. So nake a ce wutar wane, kuma in ji shi daga bakin Mama, wadda tun muna yara in ta ce "yarona" kowa ya san ba ni take nufi ba.

Ranar Lahadin godiya aka kunna fanka da lasifika. Fasto ya ce Ubangiji ya yi amfani da Auta ya kawo haske, sannan ya ƙara da cewa a gode wa yayansa ma, da ya taimaka wajen ɗaurawa. Taimaka! Matan zumunta suka ɗauki guɗa, Mama ta taka rawa har gaban bagade. Ni ina bencin baya, tafin hannuna duk kanta, ina tafi don kada a gane.

Kafin damina ta zagayo, magana ta zauna. Batir mai amfiya ɗari biyu ya zama Auta ɗaya, mai ɗari ya zama rabin Auta. Mai shagon cajin waya yana da Auta biyu, mai aski yana fama da rabi. Mutum zai zo har inda nake, ni da na san aikin, ya tambaye ni gidansa zai ci Auta nawa. Da farko nakan tsaya in gyara musu, in ce amfiya ake cewa, in ba su labarin Bafaranshen nan da yadda kowace ƙasa ke kiransa. Su saurara da ladabi, in na gama su ce to, yanzu Auta nawa ke nan? Kishi ya ci ni.

Abin bai tsaya a ƙauye ba. A kasuwar Zonkwa na ji wani ɗan tireda da bai taɓa ganin ƙanena ba yana rantsuwa nasa Auta orijina ne. Na tambaye shi daga ina kalmar ta fito, ya ce sunan kamfani ne a Jamus. Ƙanen nawa da bai san jar waya da baƙa ba, ga shi har ya zama Bajamushe.

Da Auta ya zo gida Kirsimeti na yi masa ƙorafi cikin wasa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, rabu da su, kowa ya san kai ka yi aikin." Wannan ya fi ƙona mini rai, don bai yi mini laifin komai ba, kuma babu wanda zan kama da faɗa.

Shekarun nan Mama ta tsufa, mantuwa ta shige ta. Wata rana ta gane mutum, wata rana ta gaishe shi gaisuwar baƙo. Batirin ɗakinta ya mutu, na kawo sabo daga shagona da hantsi. Tana zaune a baranda tana ɓarar gyaɗa, ta ce wa matata a ba mai gyara ruwa. Da Hausa ta yi mini magana, ba da yarenmu ba, kamar yadda take yi wa baƙi.

"Ka yi hankali da shi," ta ce. "Yarona ne ya kawo."

"Mama, ni ne. Ni ma yaronki ne."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaya ko na san Auta. Na ce na san shi.

"In ka gan shi, ka ce wutansa yana nan, ina lura da shi."

Na ce zan faɗa masa. Na ɗaure wayar, na danna makunni, ƙwan ya kama. Ta ajiye gyaɗar, ta tafa hannu, ta kira sunansa.